Tabarau Mai Ruwan Shayi a Hanyar Zariya

Ana sallame sallar asuba muka turo kekunanmu bakin titi a Unguwar Sarki, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Mu uku ne: ni, da abokina tela, da ɗan wan babana mai aikin walda. Zariya muka nufa, wajen mil hamsin. Ba aike, ba biki, kawai mu je mu hau dutsen Kufena mu dawo. Duk wanda ya ji sai ya ce ba mu da aikin yi. A kaina dai ba su yi ƙarya ba, don tun da na bar makaranta a aji biyar na taɓa gyaran rediyo, na taɓa kwandasta, na taɓa tallar jarida, babu inda na cika wata shida. Keke kaɗai ne bai taɓa fita raina ba.

Akwai abin da ya kamata ku sani tun yanzu. Ido ɗaya gare ni. Na dama hakiya ta rufe shi tun ina ƙarami, bayan na yi ƙyanda. Da na hagun nake ganin duniya, kuma tun da aka koma tuƙi hannun dama, ta hagun nan kowace mota take wuce ni. Innarmu ta san haka. Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Ina ɗaura famfon keke a zaure sai ta fito da buta a hannu, ta tsaya tana kallon bango, ta ce, "Mai tafiya ya rufe idon nan da gilashi. In ya dawo mini da shi ko ja ya yi, keken nan kasuwa za shi." Ta koma ciki. Inna kuwa ba ta maimaita magana.

Saboda haka muka tsaya a tashar Kawo, muka sha shayi da burodi na sule ɗaya ɗaya, muna jiran mai tabarau ya fito. Ɗan walda bai damu ba, ya taho da gilashin aikinsa a aljihu, wai babu ranar da ta kai wutar walda. Gari na gama wayewa sai ga tsohon, da allon katako rataye a wuya, tabarau jere a kai reras, da ɗan madubi a gefe.

Idona bai sauka ko'ina ba sai kan wani babba, baƙi ƙirin, mai sheƙi kamar madubi, irin na jaruman silima. Na ƙwama shi na duba. Wallahi ban taɓa ganin kaina haka ba. Hakiyar nan ta ɓace, ba mai cewa ido ɗaya gare ni. Naira ɗaya da sule biyar ne, har na sa hannu aljihu.

"Samari, yawon Sallah za ka ko tafiya?" in ji tsohon.

"Zariya, Baba. A keke."

Ya sa hannu ya zare shi daga fuskata, ya daɗe yana duban idanuna, ya ce, "To wannan ba naka ba ne."

Sai ya shiga gwada ni kamar mai ɗaukar soja. Ya mayar mini da baƙin, ya ce in yi ruku'u. Ina sunkuyawa tabarau ya zame, da ƙyar na cafe shi. Ya ce ai mai keke a sunkuye yake wuni, ga gumi. Ya nuna wata gingimari da ke tsaye, ya ce me na gani a ƙarƙashinta? Na ce duhu. Ya ɗauko wani daga can ƙasan allo, mai ruwan shayi, mummuna, mai faɗi har ya lanƙwaso gefen ido, ya sa mini. Ashe akuya ce kwance a ƙarƙashin motar da 'ya'yanta biyu. Ya ce haka ramin hanya zai ɓuyar mini a inuwar itace. Daga nan ya ƙwanƙwasa kowanne da farce kusa da kunnena. Baƙin ya yi ƙara siririya, mai ruwan shayin ya yi ƙara a dushe.

"Wancan kwalba ce, in ya fashe cikin ido zai zuba. Wannan roba ce mai kauri, sai dai ta tsage. Mai ido biyu ya yi ado. Kai tsaro za ka saya, ɗana."

Na duba madubi raina a ɓace, don ta cikin ruwan shayin ana hango farin idon. Sule bakwai ne kuɗinsa. Ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya hana ni mai tsada ya tura ni ga mai araha ba. Tela kuwa tuni ya wawuri baƙin, yana cewa, "Bar wa malamin makaranta nasa, ni ba ni na 'yan birni." Tsohon ya yanko siririyar roba daga tsohon tub na keke, ya ɗaure hannuwan nawa ta ƙeya, ya ce in girgiza kai. Ko motsi bai yi ba.

Muna wuce Rigachikun rana ta fito sosai, a nan na fara gane abin da na saya. Ni da na saba tafiya ido a tsuke, hawaye na bin kumatu, ga ƙwari na faɗawa ciki, sai ga shi na buɗe ido tar, iska na wucewa ta gefe. Jama'a, ashe haka ƙasar nan take! Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ta yi kai ta sunkuyo, gonaki sun tafi har inda sama ta sauko. Gajimare kuwa ban taɓa sanin yana da tudu da kwari ba sai ranar. Da, fari kawai nake gani mai kashe ido. Yanzu ga shi hawa hawa, wani bisa wani, inuwarsa na tafiya a kan gonaki kamar garke. Na yi ta salati ni kaɗai a kan keke. Tela ya ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Ɗan walda ne ya fara biyan kuɗin taurin kai. Bayan Maraban Jos akwai inda itatuwan mangwaro suka rufe hanya. Da gilashin waldan nan a fuska, yana shiga inuwar sai dare ya yi masa. Ya faɗa rami ya fito, ya nufi wata tunkiya tana kiwonta, ya rungume ta. Tunkiya ta tashi lafiya, shi ma haka, taya ce ta yi faci. Muna cikin gyara yana ta rantsuwa wai tunkiyar ba ta da fitila.

A Birnin Yero yunwa ta kama mu, muka hango wata Bafulatana a gindin tsamiya da ƙwaryar fura da nono. Muka jingine kekuna muka yi sallama. Tana ɗaga kai ta ga fuskoki uku a rufe da gilashi, sai ta fizgi faifai ta kare idonta, ta juya mana baya.

"Ku wuce, ku wuce! Masu Afolo! Kada ku kalle ni!"

Kun san yadda ciwon idon nan ya yi yawo, kuma mutane sun ɗauka da kallo ake kamuwa. A wajenta ba mai sa baƙin gilashi sai wanda idonsa ya yi ja. Muka yi rantsuwa, ta ce sai mun cire. Su biyun suka cire, ta leƙa ta gefen faifai, ta yarda. Saura ni. Ba abin da na ƙi a duniya kamar baƙo ya tsura wa idon nan ido. Na ja robar na cire. Ta duba, ta sauke faifan a hankali.

"Ƙyanda ce?"

"Ita ce, Inna."

"Ta ɗauke mini 'ya'ya biyu, su ba a ido ta tsaya ba," in ji ta. "Mai da abinka, ka rufe wanda ta bar maka."

Ta dama mana ta kwabo biyar biyar, ni ta ƙara mini ludayi biyu na kindirmo. Ban taɓa shan fura mai sanyi da yaji daidai kamar wannan ba.

Daga nan hanya ta zama hawa da gangara. Wajen Jaji sojoji suka wuce mu a mota suna ɗaga mana hannu. Tela kuwa hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana tura tabarau sama, don gumi na zamar da shi kan hanci. A wata doguwar gangara ya sunkuya ya saki birki, sai muka ji tas a kan kwalta. Da muka koma, ƙarfen kawai muka tsinta, gilashin ya zama gari. Ya tsaya yana kallon naira ɗaya da sule biyar a warwatse. Ni kuwa na tsuguna na ɗauki ɗan ɓarɓashi ɗaya, tsininsa kamar allura, na tuna inda tsohon ya ce zai zuba.

La'asar sakaliya muka hango rimayen Zariya. Mu da muke taƙama da Unguwar Rimi, ashe ba mu ga rimi ba. Waɗannan sun fi kowane soro tsawo, saiwoyinsu kamar katanga, mutum uku sa ɓuya a tsakani. Muka shiga ta Ƙofar Doka, muka bi lunguna tsakanin gidajen ƙasa masu zane a fuska, muka sauka gidan gwaggon tela. Ta cika mu da tuwon dawa miyar kuka, ga rake dami guda, wanda a Kaduna sai ka yi ciniki a kan sanda ɗaya. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Da sassafe muka tafi Kufena. Daga nesa kamar wata giwa ce ta kwanta a tsakiyar gonaki. Da ka zo gindinsa sai ka ji ka zama tururuwa. Dutse guda, sumul, baƙi da ruwan toka, wasu manyan duwatsu sun ɗare a kansa kamar yanzu za su gangaro, kuma wai haka kakannin kakanni suka same su. Muka bar kekuna wurin wani manomi muka hau, wani wuri da rarrafe. A sama iska kaɗai ke magana. Ga birni can cikin ganuwarsa, ga rimaye sun koma kamar kan kabeji, ga jirgin ƙasa yana jan hayaƙi kamar zare, ba ka ko jin ƙararsa. Shaho yana shawagi a ƙasa da mu, bayansa muke gani. Tela ya kare fuska da hannu yana tsuke ido, can ya ce, "Malam, ara mini na makarantar nan in gani mana." Na ara masa. Ya daɗe bai dawo da shi ba.

Da hantsi muka kamo hanyar gida. Komai lafiya har muka kusa Maraban Jos, inda ake facin kwalta, an zuba sabuwar tsakuwa ba a gama dannewa ba. Ina gaba. Na ji tifa tana tahowa a baya, na matsa gefe iyakar matsawa. Tana wuce ni ta hagu sai na ji ƙau, kamar an harbe ni da gwafa a fuska. Kaina ya yi baya, keke ya yi cikin ciyawa da ni.

Na tashi zaune, ina ganin duniya ta rabe biyu, wani farin layi ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Na ce shi ke nan, na hagun ma ya tafi. Na kasa ɗaga hannu in taɓa. Ɗan walda ne ya durƙusa ya ja robar ya cire mini tabarau, sai layin ya tafi tare da shi. Ga ciyawa, ga sama, ga fuskokinsu biyu duk sun yi fari fat.

"Yatsu nawa?" in ji tela.

"Uku. Kuma ka yanke farce."

Muka duba tabarau. Daidai tsakiyar gilashin hagu tsakuwar ta sauka, ta yi ɗan rami, tsaga ta tafi sama da ƙasa, amma ko ɓarɓashi bai fita ba. Ba wanda ya ambaci na tela da ya zama gari, amma na san duk shi muke tunani. Na mayar da abina a fuska, da tsagar da komai, muka ci gaba a hankali. A Kawo na nemi tsohon in yi masa godiya, aka ce ya tashi tun azahar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma ya zauna. In za ka sayi tabarau na hawan keke, kada ka tambayi madubi. Yi ruku'u da shi, leƙa inuwa da shi, ƙwanƙwasa shi ka ji, ka ɗaure shi ta ƙeya. Na kuma gane shekara da shekaru ina ɓoye idon da ya mutu, ban taɓa tunanin tsare mai ran ba.

Ana kiran magariba na shigo da keke zaure. Inna tana bakin murhu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. Na cire tabarau na ajiye a gefen tabarmarta. Ta ɗauka, ta bi tsagar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake bi. Sai ta ɗago fitilar ƙwai ta kawo kusa da fuskata, ta dubi idon nan, ta daɗe tana dubansa. Rabon da ta kalle ni haka tun ina kwance da ƙyanda. Ta ajiye fitila, ta ƙulle tabarau ɗin a bakin zanenta, ta juya ga tukunya.

"A shigar da keken nan ciki kada raɓa ta taɓa shi," in ji ta. "Gobe kuma a koma wurin mai gilashin, a sayo irinsa. Guda biyu."