Zane Goma Sha Biyu a Cikin Rumbun Babana

Abubuwa da yawa sun zube mini daga ka tun da na bar jami'a, har da sunayen wasu da muka zauna benci ɗaya. Amma ranar da na shiga rumbun babana da igiya a wuya da alƙalami a bayan kunne, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

Ni ɗan fari ne, a wani ƙauye kusa da Garhanga, a yankin Keita cikin ƙasar Adar. Duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da wannan ke nufi. Babana bai taɓa kiran sunana ba, innata ma haka. In zai yi zancena sai ya ce "yaron ga", in kuma yana da saƙo sai ya faɗa wa kakata, wato mahaifiyarsa, ko da kuwa ina zaune gabansa. Ita ta goye ni, ita ce mai tsokanata tana kirana mijinta. Na san kunya ce ba ƙiyayya ba, amma sanin bai hana ni jin kaɗaici ba. Na girma ban san yadda ake zama a gaya wa uba damuwa ba.

A shekarata ta biyu a sashen lissafi na haɗu da darasin da ya so ya kore ni daga jami'a. Sunansa integiral. A taƙaice, in kana son sanin yawan abin da tulu zai ɗauka, sai ka yanka shi a zuciyarka fale-fale kamar albasa, ka auna kowane yanki, ka tara. A ɗaki ina yin aikin lafiya lau. Amma da an rufe ƙofar zauren jarrabawa, aka ce awa biyu, sai tafin hannuna ya jiƙe, Faransancin tambayar ya yi ta yawo a takarda, kaina ya kulle. Sau biyu ina faɗuwa. Doka kuwa a fili take, in na faɗi a karo na uku sai in tattara kayana.

Abokan ɗakina duk sun haye sun tafi hutu. Na kwana huɗu ni kaɗai a ɗakin, ina dafa shinkafa a ƙaramar tukunya, ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da burodi. Ba wanda zan kira a gida in ce masa ina cikin tsoro.

Malamin darasin, wanda muke ce wa Mushe kawai, wato Malam da Faransanci, dogo ne marar fara'a, ban taɓa zaton ya san da ni ba. Sai ga shi ya tara mu, mu biyar da muka rage. Ya ce ya nemi izini, kuma an ba shi, kowa ya zaɓi yadda zai nuna ya iya. Mai son rubutawa ya rubuta. Mai son tsayawa gaban allo a yi masa tambayoyi ya tsaya. Hanya ta uku, mutum ya je gida ya nemi wani abu na gaske mai ciki, ya auna shi da hannunsa, ya lissafa abin da yake ɗauka, ya dawo bayan hutu ya kare aikinsa.

"Kada ku ce na sauƙaƙa muku," in ji shi. "Takarda awa biyu take tambaya ta ƙyale ku. Ni sai na gaji."

Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Keita, na sha ganin abin da kake rubutawa a allo in kowa ya fita. Me kuke da shi a garinku?"

Bakina ya riga hankalina, na ce, "Rumbu."

Da na yi tunani da ban faɗa ba. Na isa gida ƙarshen damina, hatsi ya fid da kai amma bai nuna ba, lokacin da kowane maigida ke kallon sama yana kallon rumbu. Namu na laka ne, babba, mai ƙaton ciki da ƙaramin baki a sama, yana zaune kan duwatsu bayan gida tare da na maƙwabta. Kuma a wurinmu rumbu sirrin gida ne. Ba a tambayar mutum abin da ke ciki, ba a leƙawa, maigida kaɗai ke hawa ya ɗebo. Boko ya sa na manta da wannan sarai.

Na nemi wanda zai kama mini bakin igiya, kowa ya kawo uzuri. Sai na soka ƙaya a jikin laka na maƙala igiyar, in zagaya in dawo, in auna da mita, in rubuta, in ɗaga sama da taƙi ɗaya in sake. In ƙayar ta fita sai in koma farko. Ina cikin haka wani dattijo maƙwabcinmu ya zo wucewa da hauya a kafaɗa, ya tsaya ya daɗe yana kallona.

"Ɗan lakwal," ya ce, yadda ake kiran ɗan boko a wurinmu, "gadon na anka fara awo tun mai shi na da rai?"

Ya yi dariya ya wuce, amma maganar ba ta wuce ba. Kafin la'asar ta zagaye gari. A masallaci sahu ya yi mini faɗi, mutane na amsa gaisuwata a gajarce. Babana bai ce uffan ba, kuma shirunsa ya fi maganar dattijon ciwo, don ban san ko fushi ne ko shirun da na saba ba.

Kwana uku na yi ina awo da lissafi. Na auna dami ɗaya, na raba, ya ba ni cewa rumbun zai ci dami ɗari biyu da arba'in. Na je wurin kakata da takarda ina ji da kaina. Tana tsinke yakuwa, ta saurare ni har na gama, sannan ta kwashe da dariya har da tari.

"Wayyo mijina, ashe haka anka koya maka! Rumbun ga ina nan anka gina shi. Ɗari biyu shika ci, in an danna. Sauran arba'in ɗin a kanka za mu zuba su?"

Nan take na ga kuskurena. Daga waje na auna, na haɗa da kaurin bango, alhali bangon rumbu ya fi kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa. Ba yadda zan san kaurinsa sai na shiga ciki. Shiga kuwa na nufin in roƙi babana, wanda ban taɓa roƙon komai baki da baki ba, ya buɗe mini sirrinsa a watan da rumbu ya fi kowane lokaci zama fayau.

Ban iya ba. Kwana biyu ina hawa dutsen da ke gabas da gari, in zauna ina kallon gonaki a kwari. Saura mako ɗaya in koma. Na yi tunanin in ƙirƙiri kaurin bangon da ka, amma na san Mushe zai kama ni a tambaya ta biyu. Har na fara shirya yadda zan gaya wa kakata an kore ni, don ita ta gaya wa babana. Ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya kamar a kan dutsen nan ba.

Rana ta uku da hantsi, ina zaune ƙofar ɗakin kakata, babana ya shigo zai ɗauki igiyar jaki. Bai dube ni ba. Ya ce da ita, "Inna, a hwaɗa ma yaron ga, rumbu ba daga waje aka auna shi ba. Tsani na can jingine."

Ya fita. Kakata ta harare ni ta ce, "To, ka ji, ko sai na maimaita?"

Na tarar ya riga ya ɗage murfin ciyawar. Na hau, na zura ƙafa, na sauka. Ciki da sanyi da ƙamshin tsohon hatsi. Abin da ya rage bai kai gwiwata ba, kuma mu goma sha ɗaya ne a gidan. A ranar na san abin da ake rufe mini duk lokacin da aka aiko mini da garin fura makaranta.

Da idona ya saba da duhu, sai na ga zane a jikin bango. Layuka ne da aka ja da ƙusa, daga wuya har gindi, na ƙirga goma sha biyu. Abin da ya tsayar da ni shi ne tazararsu ba ɗaya ba ce. A sama, inda rumbu ya tsuke, suna nesa da juna. A tsakiya, inda ciki ya buɗe, sun matsu. Can ƙasa kuma sun sake warwatsuwa.

Ban san na yi magana a fili ba. Na ce, "Wannan fa na mene ne?"

Sai na ji muryar babana ta bayan bango. Ashe yana nan tsaye riƙe da tsani.

"Wata guda, zane guda. In wata ya kama hatsi na bisa zane, lahiya lau. In ya yi ƙasa, sai a rage tukunya."

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, don mi na tsakiya sunka matsu?"

"Cin gida ai guda na kowane wata. Inda ciki ya yi hwaɗi, hatsi ba shi saurin sauka. Inda ya tsuke, kamar ana jan shi. Shekara ukku ina kallo kahin in ja su."

Na zauna kan zangarniya. Abin da ya faɗa shi ne ainihin ƙa'idar da na haddace da Faransanci na kasa rubutawa sau biyu: saurin saukar abu, in ka haɗa shi da faɗin wurin, shi ke ba ka abin da aka ɗiba. Mutumin da bai taɓa riƙe alli ba ya zana ta da ƙusa. Kuma wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da shi, don bango ya tsaya tsakaninmu ya ɗauke mana kunya. Na yi ta jan tambayoyi, har waɗanda na san amsarsu, don kada ya daina magana.

Da na gama awo na ce, "Baba, in na ɗauki hoto, malaminmu zai ga abin da ya rage."

Sai ya ce, "Ɗauki. Kowa ya san watan da muke ciki."

Ranar kare aiki, Mushe da wani malami suka zauna, ni ina gaban allo. Sabon lissafina ya ba da dami ɗari biyu da huɗu, na zana rumbun, na nuna yankan. Mushe bai ko gyaɗa kai ba. Ya ɗaga hoton zanen babana ya ce, "Bar wannan. Da a ce ba ka ga zanen nan ba, za ka iya gaya mini inda kowane zai faɗa?"

Faransancin ya fara guduwa. Ya lura, sai ya ce, "Faɗe shi yadda aka faɗa maka, sannan ka rubuta."

Na faɗa da Hausa, da kalmomin babana. Daga nan alli ya kama tafiya da kansa. Na fitar da tsayin layi goma sha biyun ɗaya bayan ɗaya, muka gwada da na bango. Mafi nisan saɓani bai kai faɗin yatsu uku ba. Ya yi ta juya ni kusan awa guda, ya canza siffar rumbun, ya ƙara masu ci, ya rage. A ƙarshe ya rufe littafinsa ya ce na haye, kuma in gaida wanda ya ja zanen.

Da na dawo gida lokacin girbi, na ba kakata labari da ƙarfi yadda babana zai ji daga inda yake gyaran lauje. Bai ɗago ba. A shekarar ya gina ƙaramin sabon rumbu kusa da tsohon. Washegarin gama shi da safe na ga ƙusa ajiye kan dutsen gindinsa, tsani kuma a jingine.

"Inna," na ji yana ce wa kakata, "sabon ga ba shi da zane. Ni ba ni da shekara ukku na jira. Wanda ya iya shi shiga shi ja."

Na shiga na ja. Da layukan nan aka ciyar da gidanmu har Allah ya karɓi ransa, bai taɓa gyara ko ɗaya ba, bai kuma taɓa kiran sunana ba. Ƙusar tana cikin aljihun jakata har yau.

Yanzu ni ma lissafi nake koyarwa. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, shirun mutum ba shaidar cewa ba komai a cikinsa ba ne, ko ɗalibi ne gaban takarda, ko uba gaban ɗansa. Don haka in ɗalibina ya faɗi jarrabawa, ba na rufe littafi a kansa. Nakan kira shi gefe in tambaye shi, "Me kuke da shi a garinku?"