Hoton Kakanmu da Mai Na'urar Sikan

"Wannan ba Baba ba ne," in ji Gwaggo Adiza, tana leƙen kwamfutar.

Wani ɗan kwalisa ne ya zo gidanmu a Salaga da na'urar sikan, wai ƙungiyarsu na adana tsoffin hotuna. Za su tafi da na asali, su bar mana kwafi. Hoton kakanmu bafataken goro kuwa guda ɗaya ne tak.

Na faɗaɗa kwafin. Ga rawani, ga gemu, amma tsagar gadon da ke kumatunsa ta shafe sumul.

Na ce, "Malam, a nawa ka ɗauka?"

"Ɗigo ɗari da hamsin a inci, Alhaji. Ya isa kallo a waya."

"In kun kai ofis fa?"

Ya sosa ƙeya. "Can ɗari shida muke yi."

Gwaggo ba ta san inci ba, amma ta san ubanta. Ta sa ya sake a ɗari shida, tsaga ta fito uku-uku, ta mayar da hoton cikin adaka ta kulle.

"Kai ka tafi da kwafin, ɗana," ta ce wa mai na'urar.

Har yau ban san ko sauri yake yi ko wayo ba. Ku da kuka ba da naku, kun faɗaɗa abin da aka bar muku kuwa?