Lurun da aka kawo daga Kebbe

Har na koma ga Allah ba zan manta da ranar da matar nan ta shigo rumfarmu da luru a ka ba. Ku da kuke kan saƙa yanzu ba ku san Buba ba, shi ya sa nake so ku ji.

A lokacin Nasara, wato Turawa, ba su zo ba. Rumfarmu tana Tambuwal, ƙarƙashin Sarkin Masaƙa, wanda shi ke raba aiki, kuma ba a karɓar kayan kowa sai da saninsa. Luru muka fi yi, wato shimfiɗar auduga mai kauri, layin baƙi da layin fari. Masu hali kan dawo mana da nasu mu wanke, domin wankinsa ba na kowa ba ne. Ba a jiƙa shi ya kwana, ba a sa masa ruwan zafi ko kanwa, in ba haka ba baban rinin ya zuba, farin ya dafe har abada. Ruwan sanyi da sabulun salo, da hanzari, a shanya a inuwa. Duk cikinmu babu mai hannun Buba a wannan aiki. Magidanci ne mai 'ya'ya, ba ya yawan magana.

Da bazara ne, cikin watan Rajab, ranar kasuwa. Matar ta ce daga wani ƙauye take a ƙasar Kebbe, sunanta Habsu. Ta kwance lurun, farin duk ya yi tabo rawaya-rawaya.

Sarkin Masaƙa ya ce, "Baiwar Allah, mi yas same shi haka?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗiyana ne sunka kwanta bisai, ranka ya daɗe. Ka san yara."

Buba ya ɗaga gefen, ya duba ɗinkin, ya ce, "Wanga saƙata ce. Ni zan wanke shi."

Ya wanke shi da hannunsa, ya kankare tabon da farce. Da ya bushe sai ka ce ranar aka sauke shi daga masaƙa. Ya naɗe ya ajiye, ita kuwa ta ce sai ta sake shigowa gari.

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kayar da Buba, sannan ƙuraje suka feso masa har cikin baki. Agana ce. Aka fitar da shi bukka bayan gari, Sarkin Masaƙa ya ce ni zan yi jinyarsa, tunda na yi ta ina yaro, ga zanenta nan a fuskata. Ina ɗiga masa kunu da ludayi yana kasa haɗiyewa. Idanunsa suka rufe tun kafin ransa ya fita. Mu uku muka yi masa sutura. Bayan shi, 'yar autarsa ta bi.

Sai ga Habsu ta dawo karɓar lurunta. Sarkin Masaƙa bai ɗaga murya ba.

"Wanda yaw wanke miki shi ya rasu, shi da ɗiyarshi. Ki gaya min gaskiya, mi yak kashe ɗiyanki?"

Ta zube ƙasa. Ta ce, "Agana ce. Su ukku, bisa shi sunka cika. Dangi sunka ce in ƙone, nik kasa. Shi kaɗai yar rage min. Na san in na faɗi ba ku taɓa shi."

Wasu daga cikinmu suka yunƙura da zagi, Sarkin Masaƙa ya ɗaga musu hannu. Ya sa na ɗauko lurun da sanda, na kai bayan rumfa, aka hura wuta. Ina shirin jefawa ta ce in dakata. Ta karɓa, ta rungume shi, sannan ta sa shi a wutar da hannunta. Ta tsaya har ya zama toka, ta kama hanyar Kebbe. Ba mu sake ganinta ba.

Tun daga ranar aka kafa mana doka: tsohuwar shimfiɗa ba ta shiga rumfa sai an tambayi wanda ya kwanta a kai, da abin da ya same shi. In amsar ta zo da sunkuyar da kai, a mayar. Ku yi tambayar da tausasawa, domin mai ɓoyewar sau da yawa ba mugu ba ne, baƙin ciki ne ya fi ƙarfinsa. Amma ku yi ta. Buba bai san matar nan ba, kuma 'ya'yansa sun tashi babu uba.