Babin da Mahaifina Bai Wuce Ba

Shekarun baya can, ina sabon malamin Turanci a sakandare, ga yawan ji da kai, mahaifina ya ce in koya masa rubutun Turanci. Shi malamin zaure ne a cikin birnin Zariya, duk rayuwarsa a kan littattafan Larabci ta tafi. Jikokinsa na Abuja da Turanci suke rubuto masa wasiƙa, yana so ya riƙa ba su amsa da hannunsa. Likita a Wusasa ya riga ya gaya masa idanunsa na mutuwa sannu a hankali, don haka burinsa ya sauke littafin da na sayo masa kafin ganin ya tafi.

Irin karatun zaure muka yi. Ya ɗora ni a kan buzunsa, shi ya sauka kan tabarma, wai ɗalibi ba ya zama sama da malami. Ni kuwa na miƙe ƙafa har da gyaran murya. Kuma a tsarinsu ba a shiga sabon babi sai an ƙware a na baya.

Muka wuce aya da waƙafi lafiya lau. A kan waƙafi mai ruwa, wannan mai ɗigo a sama da 'yar wutsiya a ƙasa, muka maƙale. Na bayyana masa cewa jimloli biyu cikakku yake haɗawa idan ma'anarsu na da kusanci. Ya maimaita min ƙa'idar tsaf, har da misalinsa. Amma duk sanda na buɗe shafi na ce ya nuna min shi, sai ya ɗora yatsa kan waƙafi zalla. Gobe ma haka, jibi ma haka.

Na ce mu tsallake, ai Turawan ma da yawa ba sa damuwa da shi. Ya ce shi bai taɓa tsallake babi ba, ba kuma zai fara da furfura ba. Na ci gaba da ƙaro misalai, a raina ina cewa tsufa ne ya taɓa fahimtar.

Wata ranar Laraba bayan la'asar, ya ɗauki littafin ya fita ƙofar zaure inda haske ya fi yawa. Ya kai shi daf da fuska, ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Malam ƙarami, tsakaninka da Allah, akwai ɗigo a saman nan?"

Na ce akwai, Baba.

"To ni ba na ganinsa. Wanda kuwa bai ga wannan ba, ba zai bambance harafin 'ba' da na 'ta' a littafin Larabci ba, tunda ɗigo ne ya raba su. Sai ya karantar da mutane kuskure."

Washegari da ɗalibansa suka zo, magidanta da dattawa, ya raba su ga malaman unguwa, kowa da inda zai ci gaba da littafinsa. Wani dattijo ya yi ta kuka. Baba bai sake karantarwa ba har Allah ya karɓi ransa.

Har yau abin yana yi min ciwo. Ina ta baza ilimi a kan buzu, shi kuma yana auna abin da ya rage masa na gani. Yanzu idan ɗalibi ya dage kan kuskure ɗaya, kafin in ƙara bayani sai in matso da shi gaban allo. Jikokin kuwa ba su taɓa samun amsar ba. Allah ya jiƙan Baba.