Kawu Ɗanjabo da Injin Feshi

Duk wanda ya taɓa kai wa Kawu Ɗanjabo takalmi a rumfarsa ta kasuwar Tambuwal ya san ba a miƙa masa hannu da hannu. Sai ka ajiye a ƙasa, ya juya shi da sanda, ya dubi ƙafarka, sannan ya ce, "Naka na, ko aro kay yi?" Mutum ne da in gaisuwa ta yi tsawo sai ya dafe aljihunsa. Amma ba shi farin kambas da burushi, ya zana maka fure ko sunanka, ka rantse daga kanti ya fito.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni na jawo wa kaina. Wata rana ina zaune wurinsa na ga bakin burushi yana karkarwa kafin ya taɓa takalmi. Samari kuwa sun fara komawa wajen wani mai feshin fenti a tasha. In hannun nan ya tafi, abincin gidansa ya tafi. Sai na je Sakkwato na sayo masa injin feshin fenti, ɗan ƙarami mai baki kamar biro.

Ya zagaya kwalin sau biyu bai taɓa ba.

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Kawu. Kyauta ce."

"Kyauta ba Salla ba, ba suna ba? Kai da wancan na tasha kunka haɗa baki."

Da na kunna, abin ya fara huci, sai ya ja kujerarsa baya. Ya ce, "Burushi shina taɓa takalmi, in yay yi kure in kama shi. Wanga daga nesa shika tofi. Munafuki na."

Sai da na yi mako ina lallaɓa shi ya yarda zai gwada, shi ma a kan tsohon silifas ɗinsa. To, da yake bai yarda da bakin abin ba, sai ya juyo shi ya leƙa ya ga me aka ɓoye a ciki, ga yatsa a kan maɓalli. Ranar Juma'a ce. Ba sabulun da ba mu gwada ba, haka Kawu ya shiga sahu da gemu kore shar. Wani dattijo ya tambaye shi ko sabon lalle ne, ya ce, "Ɗan ƙanwata yas so shi gama da ni, Allah bai nufa ba." Wata guda cur, in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon bango.

Ana nan sai ga abokan ango daga Kebbe da kambas ƙafa goma sha biyu, suna son jan layi miƙaƙƙe a kowanne, cikin kwana uku. Na ce masa injin zai gama a wuni ɗaya. Ya ce in na sake ambatarsa zai kai ƙarata wurin uwata. Da burushi ya yi, layukan suka fito a karkace kamar sawun maciji. Ranar karɓa ina rumfar.

Babbansu ya juya takalmi ya ce, "Baba, ai miƙaƙƙe munka ce."

Kawu ko ƙiftawa bai yi ba. "Miƙaƙƙe na 'yan firamare na. Wanga gulbi na. Ku ba ku san gulbi ba garinku?"

Wallahi da murna suka tafi, har wasu suka biyo baya suna neman gulbi. Bai ƙara karɓar aikin layi ba, ya ce duk leƙen asiri suka zo.

A ciwonsa na ƙarshe ya sa aka kira ni, ya ce in jawo wani abu daga ƙarƙashin gado. Injin ne, an goge shi tas, an naɗe a tsohon rawaninsa.

"Ɗauki abinka," ya ce. "Ba da shi nika gaba ba. Duk kasuwa ba wanda yag ga hannun ga na rawa sai kai. Kuma kat tafi har Sakkwato kas sawo shaida."

Na buɗe baki in ba shi haƙuri, ya ɗora hannunsa a kan nawa, wannan karon bai ɓoye rawar ba. Na saba yi masa dariya, ranar kuka na yi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sa ya huta inda ba abin tsoro. Ni ma Allah ya yafe mini ganin da na yi ban iya rufewa ba.