Inna Batulu da Dusar Malama

A Birnin Tudu in ka ce Inna Batulu, ba wanda zai tambaye ka wacce. Bafulatana ce 'yar siririya, ta ba saba'in baya, amma har yau da ƙafa take shigowa daga ruga, ƙwaryar nono a ka, ko riƙe ta ba ta yi. Ba ta taɓa zama aji ba. A bayan shanu ta yi karatunta, don tun tana yarinya mahaifinta ya koya mata duban kashin saniya ta gane abin da ke damunta.

Malama Ikilima, mai koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa, shekara ashirin suna musaya da ita: Batulu ta zuba nono, ta kwashi dusa ta kai wa shanunta.

Da Ikilima ta doshi hamsin sai al'ada ta fara yi mata wasa, ciki kuma ya ɗaure tamau. Sai ta kwana huɗu ba ta zaga ba, ga kumburi, ga iska. Abin da ya fi ci mata rai alwala ce. Ana tsakiyar karatu, Alƙur'ani a hannunta, sai ta miƙe ta je ta sake, wata rana har sau uku, mata talatin na sunkuyar da kai. Kunya kamar ta nutse. Ta sha kanwa, ta sha jiƙon 'yan talla, ta haɗiyi ƙwayoyin kemis, shiru. Ƙarshe ta daina zuwa makaranta, ta aika cewa a nemi wata malamar kafin wata ya mutu.

Ranar nan Batulu ta iske ta kwance a tabarma. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Tsohuwa ta cusa hannu cikin buhun dusa, ta jinjina shi.

Ta ce, "Malama, dusakki ta ƙaru bana."

Ikilima ta ce ai tun da injin surfe ya zo sau biyu ake surfa musu hatsi, tuwo fari sol.

Batulu ta dube ta, ba ko kara. "Ƙanana shika hita, da tauri, irin na akuya, ko?"

Ikilima ta tashi zaune, baki buɗe. Wallahi ko maigidanta bai taɓa jin wannan zance ba.

"Shanuna ka cin abincinki, ke kina cin saura," in ji Batulu. "Yau ba ni ɗaukat ta."

Ta zayyana mata: fura da geron da ba a surfe ba, kindirmo kowace safiya, rama da zogale da wake, ruwa tun ƙishi bai zo ba. Nono kuwa ta daina kawowa, Malama ta taka da ƙafarta har ruga ta karɓa. "Amma in kin ga jini, ko kina ramewa, sai asibiti. Wanga ya hi ƙarhina."

Makon farko abin ƙaruwa ya yi. Ikilima na tafe a hanyar ruga tana haki, tana mita, wai ita da karatunta mai nono ke juyawa. A mako na biyu ciki ya fara saki. Ta riƙa kallon tsohuwar nan tana tatsa a tsugune, tana mamakin inda Allah ke ajiye ilimi.

Saura kwana biyu wata ya mutu ta koma makaranta. Ta yi alwalar la'asar, ta yi salla, ta buɗe Alƙur'ani. Mata suka biya ɗaya bayan ɗaya, inuwa ta yi tsawo, ba ta tashi ba. Har ladan ya kira magariba tana nan zaune.

Da alwalar la'asar ta tayar da magariba. A sujadar ƙarshe ta daɗe ba ta ɗago ba, har ta kusa da ita ta tsorata. Ashe kuka take yi.