Tekun da ke ɗakin Inna

Yayana ne ya kawo hoton a dawowarsa ta farko daga Libiya. Aikin fenti yake yi a can, ya ce wani maigida ne ya jefar da shi, shi kuma ya naɗe ya sako cikin jaka. Zane ne na wani Baturen da, da fentin mai, aka buga shi a takarda mai kauri. Mata ne a bakin teku, wasu zaune kan rairayi, wasu tsaye cikin ruwa. In ka matso kusa ba ka ganin mutum, sai dabbare-dabbaren launi kamar an dangwala da yatsa. Jikinsu ja da ruwan ɗorawa, inuwarsu shuɗiya, fuska ba ido ba hanci. Sai ka ja da baya su zama mutane. Daga can sama akwai wani layi shuɗi mai duhu, ba kowa a cikinsa.

Ni na fara yi masa tsiya. Na ce kowa na kawo bargo da rediyo, shi ya kawo mana matan da ba su da ko zane. Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Inna kuwa ta karɓi hoton. Ta yanko ƙyallayen atamfa, ta jiƙa ƙaro, ta ɗaura wa kowace mace zanenta, sannan ta kafa hoton a bango bisa jeren kwanoninta.

Yaya ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Daga ranar ta samu abin kiransa. In za ta yi zancensa sai ta ce mai hoton nan.

Ya yi aure, ya sake tafiya, wannan karon da niyyar ƙetare teku. Ana tsakiyar damina aka kira Baffa a waya aka ce jirginsu ya kife. Ina Tasawa inda nake koyarwa a lakwal, makarantar boko, na hau kabu-kabu zuwa tasha ina kuka. Da na isa garinmu Attantane na tarar da gida cike, amma ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Inna ta hana.

Ta ja ni ɗaki ta tsayar da ni gaban hoton.

"Duba," ta ce. "Ruwan ga iya gwiwa yake. Mata ma na tsaye ciki. Wanda ke ƙetare tabkin gari da tumaki bisa kai, wanga ruwa ne za ya ci shi?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata teku ba tabki ba ne, ya fi ƙasarmu duka girma, na gani a taswira.

"Ke kin gan shi da idonki?"

Ban gan shi ba. Mu da gulbinmu ma suna ne, rairayi ne da kaba, mun san ruwa ne a rijiya da tulu da tabkin damina. Na fita ina cin rai.

Wadda abin ya fi ci ita ce matar Yaya. Ba ta zama mai takaba ba, ba ta kuma da miji. Iyayenta suka aiko daga garinsu Gidan Amumune cewa ta tsefe kai ta shiga takaba, lokaci na wucewa. Ta ce ba za ta tsefe ba muddin Inna na cewa yana raye. Inna kuwa kowace Juma'a sai ta tura ta kitso, ta ce bai kamata miji ya dawo ya tarar da kai haka ba. Yarinyar ta je a yi mata kitso hawaye na zuba a cinyar makitsiya. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. A kwanakin nan na tsani hoton nan, na tsani Baturen da ya zana ruwa mai ladabi haka, ya bar mana shi a bango yana yi wa tsohuwa ƙarya.

An fara girbin gero sai ga abokin tafiyar Yaya, wani mutumin Issawane, an maido shi gida. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya yi gaisuwa. Inna ta ce ya shigo, ta nuna masa bango.

"Nan ne?"

Ya daɗe yana kallo. "Inna, wanga baki ne. Nan ko yara na wasa."

"To ina?"

Ya miƙe ya ɗora yatsa a kan layin nan mai duhu na sama. "Nan muka bi. Mun wuce shi ma, har ba a ganin ƙasa ko ta ina."

"Sanda tana taɓa ƙasa a wurin?"

"Ko igiyar rijiya ba ta taɓawa. Ina riƙe da hannunshi, Inna. Ruwa ya raba mu."

Ta zauna a bakin gado. Can ta ce, "Wa ya yi mashi wanka?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ce ruwa bai maido shi ba.

Inna ba ta yi kuka ba, uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta ce in kira mata ɗiyarta, surukarta take nufi. Ta zaunar da matar Yaya a tsakanin ƙafafunta, ta tsefe mata kitson da hannunta. A waje maza suka yi sahu suka yi masa salla, ba komai a gabansu sai ƙasa.

Na ɗauka za ta sauke hoton. Ba ta sauke ba. Da na zo hutu na ga abin da take yi. Kullum in ta gama alwalar safe sai ta jiƙa bakin zanenta da sauran ruwan buta, ta shafa layin nan na sama, ta fara daga dama kamar yadda ake yi wa gawa. Matan da ke ƙasa ba ta taɓa su. Shuɗin ya riga ya fara koɗewa.

Na ce, "Inna, takarda ce, za ta ɓalle."

"Wanka uku ake wa ɗan Adam," ta ce, ba ta juyo ba. "Na haihuwa da na aure a gabana aka yi mashi. Na ukun ne ya rage."

Bara da na je, wurin ya huje, ana ganin jar ƙasar bango ta ciki. Da safe na ji ta ajiye buta, na leƙa, na ga tana shafa bangon.